Dalilin da ya sa ginin ƙasa ba ya ajiyuwa a gidan tarihi kamar riga da takobi

A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin Sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa kwana guda kafin haka an lura da tsaga a jikin bango, ana shirin kiran injiniyoyi su duba, sai ƙaddara ta riga fata.

Hasarar rayuka ita ce babba, kuma ita ta cika kafafen yaɗa labarai a makon. Sai dai akwai wata hasara a ƙarƙashinta wadda ba a cika ambato ba. Wannan masallaci shi ne ginin da masana suka daɗe suna ɗauka a matsayin ƙololuwar fasahar maginan Hausa. An gina shi a wajejen ƙarshen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a hannun maginin da tarihi ya sani da Babban Gwani, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai ɗauke da wannan laƙabi nasa. A shekarun 1970 aka tayar da sabon gini na zamani ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon, ta yadda mai wucewa a waje ba zai san akwai ginin ƙasa a ciki ba.

Wanda ke son ya ga siffar masallacin yadda Babban Gwani ya tsara shi, a tsaye cikin fili ba tare da rufin zamani a kansa ba, Jos zai nufa. A can, cikin harabar gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai wani sashe da aka keɓe wa gine-ginen gargajiya na Najeriya, wanda aka fi sani da MOTNA. An gina kwatankwacin masallacin Zariya a wurin da ƙasa da azara, tare da wani yanki na ganuwar Kano, da sashen fadar Katsina, da masallacin Ilori. Jagoran aikin wani masanin zanen gini ne ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana yawo a Najeriya yana auna tsofaffin gine-gine yana zana su. Ya rasu a 1982, kuma sai a 1990 aka buga aikin nasa a juzu'i uku.

Ɗalibai da yawa da makarantunsu ke kaiwa yawon buɗe ido Jos sukan tsaya a gaban waɗannan gine-gine su ɗauki hoto, su wuce gidan namun daji da ke kusa. Kaɗan ne ake yi wa bayanin cewa abin da suke kallo shi ne mafi wahalar adanawa a duk cikin harabar.

Ƙasa biyu a harabar gida ɗaya

A cikin babban ɗakin baje kolin Jos akwai kawunan mutum-mutumin Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Sun haura shekara 2,000 a duniya, mafi yawan shekarun a binne cikin ƙasa mai laima, amma ga idanunsu da kitsonsu nan a bayyane. Abin da ya ba su wannan ƙarko shi ne wuta. Yumɓun da aka gasa ya riga ya sauya hali, ruwa ba ya mayar da shi laka. Da zarar an wanke shi an ɗora a akwatin gilashi, abin da ya rage wa ma'aikacin gidan tarihi shi ne tsaro daga ɓarawo da faɗuwa.

Haka babbar riga. Rigar saƙi mai aska takwas, ko ta tsamiya da aka yi wa aiki da alharini, abokan gabarta sanannu ne: hasken rana mai kashe launi, da laima, da ƙwari, da hannun mai taɓawa. Idan aka raba ta da waɗannan za ta yi shekara ɗari ko fiye tana nan. Shi ya sa ake samun rigunan ƙasar Hausa da Nufe na ƙarni na 19 a gidajen tarihin Landan da Balin, wasunsu kamar jiya aka ɗinka. Takobi da sulke da kwalkwali ma ba su da wata buƙata da ta wuce a kare su daga tsatsa.

Tubali kuwa ɗanye ne. Rana kaɗai ta busar da shi, kuma duk damina ruwa na neman mayar da shi inda ya fito. Ba ya shiga akwati, ba a matsar da shi inuwa. Gidan tarihin da ya ɗauki ginin ƙasa cikin kayansa ya ɗauki wa kansa aikin da ba ya ƙarewa, domin ginin yana tsayawa ne muddin ana komawa kansa da hannu shekara bayan shekara. A Jos lamarin ya ƙara tsananta, saboda ruwan da ake yi a tsaunukan Filato ya fi na Kano da Katsina yawa nesa ba kusa ba. An ɗauko fasahar da aka ƙirƙira don ƙasa mai gajeriyar damina aka dasa ta inda sama ke zuba wata shida.

Yadda magini ke yaƙi da ruwa

Fahimtar wannan na buƙatar a san yadda ginin yake haɗuwa. Magini kan fara da zaɓen ƙasa, galibi jar ƙasa mai birji, a jiƙa ta, a tattake ta da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a sake tattakawa. Daga ita ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Wajen gini ana jera shi tsaye, gindi a ƙasa, a cike tsakani da laka. Bangon kan fara da kauri sosai a tushe ya riƙa sirancewa yana hawa, kuma wannan kauri shi ne ke sa soro ya yi sanyi da rana a watan Afrilu, ya riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu.

Rufi ne wurin da gwaninta take. Icen da aka dogara da shi shi ne azara, wadda ake tsagowa daga giginya, an fi son namijinta saboda tauri, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Matsalar azara guda ce: ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida. Duk wani faffaɗan soro da mutum ya taɓa shiga a fada ko tsohon masallaci amsa ce ga wannan matsala. Magina sukan dasa azara a jikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta tana karkata ciki, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan aka gicciya bakan gizo biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, an sami ɗaurin guga, a kansa kuma ake ɗora tulluwa. Abin da ya ɗaukaka masallacin Zariya shi ne yadda Babban Gwani ya jera irin waɗannan bakuna a kan manyan ginshiƙai, ya rufe fili mai ɗaukar sahu-sahu na masallata, ya kuma ƙawata jikin ginshiƙan da zane mai zurfi.

Duk wannan aiki a banza yake idan ruwa ya sami hanyar shiga. Saboda haka ake karkata rufi kaɗan, a fitar da ruwa ta indararo mai tsawo don kada ya zuba a gindin bango. Sannan a zo ga yaɓe, wanda shi ne rigar ginin. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasa da ruwanta, ta ba bango duhun launi da santsin da ruwa ke zamewa a kai. Ba ta daɗewa, sai an riƙa sabuntawa. Wanda ya fi ta ƙarko shi ne laso, kuma a wurin laso ne labarin gini ke haɗuwa da labarin tufafi.

Daga karofi zuwa kan soro

Laso haɗi ne na abubuwa uku da babu ɗaya daga cikinsu da magini ke samarwa da kansa. Na farko katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini bayan an gama da baba da toka. Marina kan kwashe shi su cura, su shanya, su ƙona, a daka ya zama gari. Na biyu gashin awaki da majema ke kankarewa daga fata. Na uku ruwan dafara mai yauƙi, wanda ake samu ta hanyar daka saiwar a jiƙa. Idan aka kwaɓa su suka haɗu, sai a sami abin da ke bushewa ya yi tauri ya hana ruwa wucewa. Da shi ake shafe rufin soro da rawaninsa da zankwaye, da shi kuma ake shafe cikin rijiyar rinin kanta don kada ta tsiyaye.

Ma'anar wannan ita ce rufin fada yana rataye ne da kasuwar shuni. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da rinannen tufafin birnin yana kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Karofi na ko'ina, a cikin birni da garuruwa irin su Kura da ta yi suna da turkuɗi, don haka katsi ya wadata, kusan shara ce da ake neman mai kwashewa. Yau mai ziyarar marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zai ga rijiyoyi birjik a fili, amma waɗanda ake aiki a cikinsu kaɗan ne, sauran sun bushe ko sun cike. Atamfar masaƙun zamani da rinin kanti sun janye masu saye. Fatu kuma mafi yawansu manyan kamfanonin jima suke tafiya, inda ake cire gashi da sinadarai. Maginin da aka kira gyaran tsohon soro a yau yana iya sanin haɗin laso sarai, ya rasa kayan haɗin a yawan da aikin ke buƙata.

Masu shirya yawon buɗe ido a Kano sukan kai baƙi Ƙofar Mata da safe, su kai su Gidan Makama da hantsi, kamar wurare biyu ne da ba abin da ya haɗa su sai kusanci. Da za a faɗa wa baƙon cewa abin da ke gindin waccan rijiya shi ne irin abin da ya riƙe rufin da yake tsaye a ƙarƙashinsa, da ziyarar ta fi haka amfani.

Inda laso ya yi wuya, siminti ke shiga, kuma a nan ake yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. Bangon ƙasa yana shan laima ya fitar da ita. Idan aka shafe shi da siminti, fuskar ta yi kyau shekara biyu ko uku, amma siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare, sai ƙananan tsagogi su buɗe. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana narkar da bango daga ciki, yana ruɓar da azara, alhali daga waje ba a ganin komai. Ranar da ɓawon simintin ya ɓalle, sai a tarar da rami a bayansa. Yaɓen gargajiya kuwa a fili yake lalacewa, mai gida na gani ya san lokacin kiran magini ya yi.

Gidan Makama da ganuwa

Kano ta ɗauki wata hanya dabam da ta Jos. A nan ginin asali ne aka mayar gidan tarihi. Gidan Makama, da ke daura da fadar Sarki, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma an ce a nan ya zauna kafin ya gina Gidan Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 sun yi amfani da shi na wani lokaci. Yanzu wani sashensa na hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma a cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari na ƙarfe, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan birnin na farkon ƙarni na 20. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, shi ma haka aka yi da shi, a ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta jiha.

Waɗannan gidaje biyu sun ci sa'a, domin suna da ma'aikata da ƙofar da ake kullewa, kuma idan rufi ya yi yoyo akwai wanda zai gani. Ganuwa ba ta da wannan gata. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Rahotannin Turawan da suka zo a 1903 sun kwatanta tsawonta da ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma kimanin ƙafa 40. Abin da ya riƙe ta shekaru ɗaruruwa aikin gayya ne da sarauta ke kira bayan damina, a raba wa jama'a yanki-yanki su gyara. Da yaƙi ya ƙare, dalilin kiran ya ƙare. Ruwa ya ci rabonsa, masu neman ƙasar gini suka ci nasu, gidaje da shaguna suka hau kan abin da ya rage. Ƙofofi da dama an rushe su don faɗaɗa titi an sake gina su da bulo da siminti, sunan yana nan, ginin kuwa sabo ne. Tsohon masallacin Juma'a na birnin ma, mai doguwar hasumiyar ƙasa, tun farkon shekarun 1950 aka maye gurbinsa da wanda ake gani yanzu.

Tun 2007 Najeriya ta saka ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Har yanzu a jerin jira suke. Wurare biyu da ƙasar ta samu shiga da su su ne Sukur a Jihar Adamawa a 1999 da kurmin Osun-Osogbo a 2005. Doka na iya hana a rushe gini da gangan, kuma ko wannan ba kullum ake kiyayewa ba, amma takardar ayyana wuri a matsayin abin tarihi ba ta toshe indararon da ya karye.

Inda aka riƙe maginin

A maƙwabta akwai wuraren da aka bi ta wata fuska. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda gininsa na yanzu ya samo asali daga 1907, kowace shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi a rana guda, matasa na ɗauko laka, mata na kawo ruwa, ƙungiyar maginan garin na jagoranci. Itatuwan da suka tsiro daga jikin bangonsa, da baƙo kan ɗauka ado ne, matakala ce da aka gina tare da masallacin don wannan rana. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ita ma haka take da itatuwa a jiki, kuma tsohon birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013.

A garin Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya riƙa ƙara masa bakuna da hasumiyoyi a shekarun da suka biyo baya, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ke nan fasahar ba ta tsaya a zamanin Babban Gwani ba, tana iya haifar da sabon abu idan aka ba mai ita aiki. A Dandaji, cikin yankin dai, an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018. Gidan tarihin ƙasa na Yamai kuwa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, tun da wuri ya ba masu sana'a wuri a cikin harabarsa, dukawa da maƙeran azurfa da masaƙa suna aiki baƙi na kallo suna saye.

A wannan gefen iyaka sarautar Sarkin Magina tana nan a manyan masarautu, kuma a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina akwai dattawan da suka san ɗaurin guga da hannunsu. 'Ya'yansu da yawa sun koma bulo, kuma babu mai ganin laifinsu, tunda can ne ake samun aiki kullum. Zanen Dmochowski ya adana awon kowane ginshiƙi na masallacin Zariya, amma bai ƙunshi yadda ake gane ƙasar da ta ruɓa daidai ta hanyar tattakawa ba, ko yawan kwanakin da za a jira hawa ɗaya na bakan gizo ya bushe kafin a ɗora na gaba. Wannan sani a wurin aiki ake karɓarsa. Hukumar da ta ware kuɗin yaɓe kowace shekara, ta ba maginan gargajiya kwangilar tare da sharaɗin su zo da almajirai, ta sayi katsi daga marina, za ta kashe ƙasa da abin da ake kashewa wajen sake gina bangon da ya faɗi.

Malamin da zai kai ɗalibai Gidan Makama ko Jos yana iya farawa da sa su ɗaga kai. A cikin soro, su bi bakan gizo da ido daga inda ya fita daga bango zuwa inda ya haɗu da ɗan'uwansa, su duba yadda aka shimfiɗa azara a tsakanin bakuna. A waje, su dubi ƙasan kowane indararo da gindin bango, inda ruwa ke fara cin gini, su kuma gwada bambance wurin da aka yaɓe da ƙasa da wurin da aka lika siminti. Idan ziyarar ta faɗo a ƙarshen rani, wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da masu tsofaffin soraye ke gyara kafin ruwan fari, ana iya dacewa da magini a kan rufi a lungunan cikin birni, yaransa na cilla masa curin laka daga ƙasa.